Fallayen Malam Inuwa

Ranar Asabar da hantsi, Sufeto Balarabe bai ko gama kwance takalmi ba, dawowarsa ke nan daga Doguwa kan wata rigimar shanu da ta cinye masa kwana tara, sai ga wani mutum ya yi sallama a ƙofar ofishin 'yan doka na Bebeji. Dogo ne siriri, yatsunsa uku na dama sun rine da tawada. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce sunansa Inuwa, daga tsangayar Gwani Dikko ta wajen Ba'awa, an yi masa sata.

Sufeto ya tambaye shi akuya ce ko hatsi.

"Alƙur'ani ne, ranka ya daɗe. Wanda na rubuta da ka."

To, wanda bai san abin ba sai ya ce ai takarda ce, a sayi wata. Shekara huɗu bawan Allahn nan yana sunkuye a kan buzu, falle bayan falle, ba ya duba wani littafi sai abin da ke ƙirjinsa. Ranar Alhamis mai zuwa gwanaye za su taru daga Tudun Wada da Kiru su duba rubutun. In ya tsira, a kira shi alaramma, ya buɗe tasa tsangayar. In babu fallayen, babu zama, kuma mutum mai shekara arba'in da ciwon baya ba ya sake faro wannan aiki da sauƙi.

Sufeto ya dubi takalminsa, ya yi ajiyar zuciya, ya sake ɗaure shi. Ya jawo keke.

Ɗakin Malam Inuwa bukka ce a bayan zauren Gwani. Jiya Juma'a, in ji shi, duk maza sun tafi masallaci, ya dawo ya tarar da gafakar da yake ajiye rubutun a buɗe, babu falle ko ɗaya. Sufeto ya juya gafakar. Jar fata ce mai kyau, ɓarawo na ainihi da ita zai fara. Ga sabuwar rigar da aka ɗinka don ranar Alhamis tana rataye, ba a taɓa ta ba.

Ya tambaya ko akwai wani abin da ya sauya. Inuwa ya ce sai dai buta. Ya cika ta kafin ya fita, ya dawo ya same ta wayam, bakin ƙofa kuma da danshi.

"Ɓarawon naka sai da ya yi alwala," in ji Sufeto.

Mutanen tsangaya kuwa tuni sun yanke hukunci. Wada suke nunawa da baki, wanda ya riga Inuwa zuwa da shekara biyar amma har yau bai haɗa haddarsa ba. Aka kira shi. Ya rantse yana sahun farko a masallaci. Sufeto ya tambaye shi wa ke damansa, ya ce wane. Wa ke hagunsa, ya sake cewa wane ɗin dai. Sufeto ya zuba wa kumburarren leɓensa ido har Wada ya sunkuyar da kai. Ashe dambe ya tafi kallo a Kiru, rigima ta ɓarke, ya samu rabonsa. Tsoron kada Gwani ya ji ne ya sa shi ƙarya. Mahauta biyu suka shaida sun gan shi tun kafin azahar.

Rana ta take. Sufeto ya sha ruwa a tsaye, ya nemi magana da matar gidan.

Salamatu, matar Gwani, ta yi magana daga bayan zana. Tsohuwa ce mai murya a shaƙe. Ta ce ta hangi wani baƙo da sandar kiwo ya gitta. Sufeto ya tambayi launin rigarsa, ta ce fara, jim kaɗan ta ce shuɗiya. Ya bar zancen, ya tambaya ko Gwani ya je Juma'a.

"Ƙafa ta hana shi, ɗan nan. Kwance ya yini."

Ana cikin haka Gwani Dikko ya fito daga cikin gida zuwa zaure. Sufeto ya bi shi da kallo. Tsohon ba ya ɗingishi ko kaɗan. Sai dai hannunsa na hagu bai rabu da bango ba, leɓɓansa kuma suna motsi, kamar mai ƙidaya taku.

Sufeto ya ja Inuwa gindin tsamiya, ya ce ya faɗa masa yadda ake yi ranar Alhamis, tiryan-tiryan. Inuwa ya ce al'adar gidan ita ce malamin mutum shi ke buɗe zama. Gwanaye su zaro falle daga tsakiya su miƙa masa, ya ɗora yatsa yana bin layi yana karantawa, in ya ga gyara ya ɗiga jar tawada. Sai ya gama sannan saura su karɓa.

"Yaushe rabon da ya ɗiga maka jar tawada?"

Inuwa ya ƙirga da yatsu. Ya ce shekara biyu ke nan, kullum sai Malam ya ce masa, karanto mini, kunne ya fi ido tsaro.

Sufeto ya daɗe a zaune. Shekara ashirin yana kama ɓarayin awaki, bai taɓa jin ƙyuyar tashi irin ta yau ba. Ya zaro farar takarda daga jakarsa, babu ko ɗigo a jikinta, ya shiga zaure ya cire takalmi, ya gaida Gwani gaisuwar ɗa da uba.

"Allah gafarta Malam, ga bayanin da na rubuta da ajami. A duba mini ko na yi daidai."

Gwani ya karɓa, ya kai ta kusa da fuska, ya sauke ido daga sama zuwa ƙasa a hankali.

"Daidai ne. Hannunka ma yana da kyau."

Inuwa, da ke durƙushe a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hannun riga. Shessheƙarsa ce ta gaya wa tsohon abin da ya faru. Ya shafa takardar da tafin hannu, ya ajiye ta a kan buzu.

"Babu komai a jiki ko?"

"Babu, Malam."

Gwani bai yi gardama ba. Ya ce Alƙur'anin yana can saman azara a ɗakinsa, ƙunshe cikin rawaninsa na Idi, bai bari ya taɓa ƙasa ba. Ya ce hasken ya soma tafiya ne tun daminar bara waccan, Salamatu kaɗai ta sani. Gwanayen da za su zo, rabinsu shi ya koya musu riƙon alƙalami. Ya kwana arba'in yana tunanin yadda za su miƙo masa falle ya ɗora yatsa a inda babu layi. Nufinsa zaman ya wuce, ya mayar da abin wurinsa.

"Na ce bana kawai, Inuwa. Ban yi tunanin baɗi ma haka zan ce ba."

Aka sauko da ƙunshin. Inuwa ya ƙirga fallayen, sun cika. Ya roƙi Sufeto a bar maganar a nan, shi ya yafe. Sufeto ya ce da bai shiga littafin ofis ba, da an bari. Yanzu sai dai a je gaban alƙali a Kiru, ya faɗi yafiyar da bakinsa. Ankwar da ke jakarsa kuwa ko taɓa ta bai yi ba.

Gwani ya miƙe, ya laluba bango har bakin zaure. Daga nan bango ya ƙare. Mutanen tsangaya sun cika fili. Tsohon ya tsaya, ya miƙa sandarsa gaba.

Inuwa ya rungume fallayen a ƙirji da hannun hagu, ya kama bakin sandar da na dama.

"Akwai kwari a gabanmu, Malam. A hankali."

Sufeto ya turo kekensa a bayansu.