Furanni Goma Sha Biyu A Shafi Ɗaya

A aji biyar akwai wata yarinya da ta iya zane a kwamfuta. Ta iya kam, kuma ta san ta iya. Nan matsalar take.

Wata rana babbar ƙawarta ta faɗo daga kan keke ta karye a ƙafa. Likita ya ce sai ta yi wata guda a gida. Ga jarrabawar kimiyya saura mako biyu.

Malama ta kira yarinyar ta ce, "Ki shirya mata darasin sassan tsiro a hotuna. Zan ɗora a intanet, ta riƙa dubawa a wayar mamarta."

"An gama, Malama!" in ji yarinyar.

Ta zauna gaban kwamfutar makaranta. Ta zana tsiro da saiwarsa da kara da ganye da fure. Sai ta ga shafin ya yi fayau. Ta zuba furanni a kowace kusurwa. Ta ƙara malam-buɗe-littafi uku. Da wuri ya ƙure, ta matse rubutun ya zama ƙanana, ta mayar da shi rawaya don ya dace da furannin.

Malama na ta sauri, ta ɗora darasin ba ta duba ba.

Bayan kwana uku yarinyar ta je duba ƙawarta. Ta tarar da ita kwance, ƙafa a kan matashi, idanu sun yi ja.

"Malama ta turo gwaji. Biyu na ci cikin goma," in ji ƙawar.

"Biyu? Ba ki kalli hotunana ba ne?"

Ƙawar ta miƙa mata wayar. "Ke duba. Furanni goma sha biyu na ƙirga. Wanne ne na darasin?"

Yarinyar ta karɓa. Fuskar wayar ko tafin hannunta ba ta kai ba. Rubutun ya koma kamar jerin tururuwa. Ita da ta rubuta ma ta kasa karantawa. Kunya ta kama ta sosai.

A gida ta ba Mama labari. Mama ta yi dariya ta ce, "Garin neman gira kin rasa ido. Don wa kika yi hotunan, don ke ko don ita?"

Yarinyar ta ce, "Gobe zan sake. Ba za ta faɗi jarrabawa saboda ni ba."

Washegari ta goge furannin ɗaya bayan ɗaya. Zuciyarta na cewa, "Bar wannan, ya yi kyau." Ta ƙi saurara. Kowane shafi ta ba shi abu ɗaya: hoto babba, kibiya ɗaya, baƙin rubutu a kan fari.

Kafin ta kai wa Malama, ta sa Mama ta buɗe sabon darasin a wayarta, ta miƙa wa Kaka.

Kaka ta ɗaga wayar ta ce, "Wannan ai saiwa ce. Ko ni da na manta tabarauna a ɗaki na gan ta!"

Ranar jarrabawa Malama ta tura wa ƙawar tambayoyin gida, ta ci tara cikin goma. Ta bugo waya tana ihu, har mamarta ta ce ta yi hankali da ƙafar.

Malama ta ce wa ajin, "Ni ma na yi kuskure da ban duba ba. Ku riƙe wannan: in za ku yi hoton koyarwa, ku fara tuna mai kallo. Hoton da aka gane shi ne mai kyau."

Yarinyar ta yi murmushi. Furannin nan kuwa ta zana su a kan katin gaisuwa ta kai wa ƙawarta, duka goma sha biyun.