Gindin Tukunyar Rekiya

"Ƙarya kike yi, Rekiya! Ranar Lahadi na sa katin nan da hannuna, yau Alhamis mita tana kuka. Aljanu suka sha wutar?"

"Alhaji, ƙwan fitila ɗaya gare ni, sai fankar da yara ke barcin rana ƙarƙashinta. Murhun lantarkina kai ka karɓe shi."

"Ba ki iya sayen wani ki ɓoye? Ƙarshen wata ki san inda za ki."

Alhaji Hudu ke nan, dillalin hatsi, mai gidan haya a bayan kasuwar Dutsin-Ma. Mutum ne da bai taɓa kiran kowa a waya ba, sai dai filashin. Ko surukinsa da ya kwanta asibiti filashin ya yi masa, wai ya kira a yi masa sannu. Gidan ya raba shi biyu, shi da matarsa Hajiya Sa'adiya a ciki, 'yan haya uku a waje. Mita ɗaya ce, kuɗin kati a raba huɗu. Da wuta ta yi tsada sai ya bi ɗaki ɗaki ya kwashe hita da dutsen guga da murhun lantarki, ya kulle a sito, ya ɗaure makullin a zariyar wandonsa. To ga shi an kulle komai, wuta kuma ba ta daina guduwa ba.

Rekiya daga Birchi ta zo da marayu biyu bayan rasuwar mijinta. Ba ta da kowa a garin, shi ya sa laifi ya zauna mata daidai.

Duk wannan a kunnen Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifin Alhaji, wadda ke sayar da gawayi a zauren gidan. Haƙoranta sun ƙare amma kunnenta na jin faɗuwar allura a unguwar gaba. Kada ku ce tausayi ya tashe ta. Abin da ya hana ta sukuni shi ne a ce ana yin wani abu a gidan nan ita ba ta sani ba.

Aka sake haɗa kuɗi, aka sa sabon kati. Washegari Gwaggo ta fara bin 'yan haya, ta soma da Malam Usaini, malamin firamare, wanda karin gugar rigarsa zai iya yanka albasa.

"Malam, juyo in ga bayanka."

"Lafiya, Gwaggo?"

"Juyo dai."

A kafaɗar rigar akwai 'yan huji uku ƙanana, bakinsu a ƙone. Tartsatsin gawayi ne. Dutsen lantarki ba ya barin irin wannan tabo.

"Je ka, kai talaka ne na gaskiya," in ji ta.

Sai Almu mai gyaran waya, ta tare shi yana tura babur.

"Kai ɗan nan, mi kake jonawa a ɗakinka?"

"Gwaggo, yaushe na ga wutar? Ƙarfe tara ake kawowa, a ɗauke da azahar. Ni da asuba nake fita, yau Kurfi, gobe Kuki. Kuɗin wutar da wasu ke sha nake biya."

Ta sa ya buɗe ɗakin. Tabarma, buta, da ƙwan fitila da ya mutu tun sallar layya bai sake ba.

Ɗakin Rekiya kuwa ko sallama ba ta yi ba. Ba ta duba ƙarƙashin gado ba, tukwane ta shiga kifewa ɗaya bayan ɗaya. Ta goga yatsa a gindin kowace, yatsa ya fito baƙi ƙirin. Ta kamo gyalen Rekiya ta sunsuna.

"Hayaƙi kike yi kamar bandar kifin dam ɗin Zobe."

"Gwaggo, ki roƙar mani shi," Rekiya ta ce. "Ko wata biyu ya ƙara mani."

"Roƙo na masu laifi ne. Bar ni da shi."

Ta koma zaure ta zauna kan buhu, tana lissafa masu sayen gawayinta da yatsu. Malam Usaini duk Asabar. Rekiya kullum. Da ta zo yatsa na uku sai ta tsaya, ta buɗe bakin nan maras haƙori ta yi dariya ita kaɗai.

Ranar Asabar ta hana Almu fita, ta tsare Malam Usaini, ta kira Rekiya. Ƙarfe tara da rabi, wuta ta zo, ta aika wa Alhaji cewa an kama ɓarawo. Ya fito da sauri har yana tuntuɓe.

"Na faɗa maku ita ce!"

"Tsaya, Hudu. Kowa ya kashe abin da ke ɗakinsa, ya bar ƙofa a buɗe."

Aka kashe. Ɗakuna uku a buɗe, ba abin da ke motsi. Gwaggo Tani ta nuna mita da sandarta. Jan idon mitar na ta ƙiftawa kamar wanda toka ta faɗa wa.

"Mita ce ta lalace," in ji Alhaji.

"To mu shiga ciki mu gaishe da Sa'adiya."

"Gwaggo, maza ba su shiga mani gida!"

"Sai su tsaya a bakin ƙofa su buɗe hanci."

Ba su ma buƙaci matsawa ba, ƙamshin wake ya riga ya iso. Gwaggo ta shiga, ta ɗaga labulen ɗakin girki, ta fito riƙe da tukunya da tsumma. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Gindinta fes, yana ɗaukar ido.

"Mako uku ke nan gidanka ba a sayi gawayin ko sisi ba," ta ce. "Tukunyar gas ɗinka tana bayan ɗaki, kaza ta yi ƙwai a kusa da ita. Itace ba ya shigowa sai ta zaurena, ban gani ba. Amma kullum kana fitowa kana gyatsar wake. Na ce Hudu ko waliyyi ya zama, abinci na dahuwa ba wuta? Murhun Rekiya ne a ciki, ja wur. Wake da ganda kuke dafawa, marayu na biyan kashi ɗaya cikin huɗu."

"Aikin Sa'adiya ne, ban sani ba."

Daga bayan labule Hajiya Sa'adiya ta ce, "Ka ji tsoron Allah, Alhaji. Makullin a wandonka yake kwana. Kai ka ce kuɗin gawayi asara ne."

"Saura guda," in ji Gwaggo, daɗi ya cika ta. "'Yan makaranta biyun da ka nuna wa ɗakin Rekiya ta taga shekaranjiya, ninki biyu suka ce za su biya. A zaurena suka tsaya suna maganar."

Alhaji ya dubi Malam Usaini.

"Malam, kana da magana? Ɗakinka ma suna so."

Malam ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Almu ya ce ana jiransa a kasuwa, ya kama babur.

"To madalla," in ji Alhaji. Ya juyo kan Rekiya, fuskarsa ba kunya ko ɗigo. "Da ƙarshen wata na ce. Tunda kin haɗa kai da tsohuwa a tozarta ni gaban iyalina, kafin la'asar nake son makullina. Gidan nawa ne, mitar tawa ce."

Gwaggo Tani ta buga sanda. "Amma dai kowa ya ga gaskiya! Rekiya, na wanke ki tas, ko ba haka ba?"

Rekiya ta juyo wurinta.

"Kin wanke ni, Gwaggo. Roƙo na ce ki yi mani. Ina da kwana goma sha ɗaya, kin mayar mani da su wuni guda."

Ta shiga ɗaki ta goya ƙaramin, ta kama hannun babban. Za ta fara bin unguwa neman inda za su sa haƙarƙari. Gwaggo ta biyo ta zaure tana cewa ta tsaya ta ji yadda ta gano zancen kazar nan.

Rekiya ta fita, ta jawo ƙyauren ƙarfen ta buga shi da ƙarfi, ƙurar gawayi ta tashi ta rufe fuskar tsohuwa.