Ƙarfen da Ba Ya Son Wuta

Sufeto Jatau ya ga masu kuka iri-iri a caji ofis na Talata Mafara, amma bai taɓa ganin ƙato da gemu yana hawaye a kan ƙarfe ba sai ranar da Malam Hayatu na Bakura ya shigo.

"An sace mini aikin shekaru, Sufeto. In babu shi, babu digiri."

"Zinari ne?"

"Gilashin ƙarfe ne. Tagulla da wani ƙarfe, zirkoniyom, ake narkawa, a watsa a kan faifai mai sanyi, ya daskare kafin ƙwayoyinsa su jeru. Siriri ne kamar zaren kaset, yana lanƙwasuwa, maganaɗisu ba ya ɗaukarsa. Amma in ya sha wuta ƙwayoyin sai su jeru, ya koma mai fashewa kamar kwalba. Sauyin nan nake aunawa, ban gama ba."

Daga Turai ya taho da shi. Bikin ƙanwarsa Taiba ne ya tsayar da shi a gida kafin ya wuce jami'a. Sufeto ya san mutanensa: duk abin da ke sheƙi, maƙera yake ƙarewa.

A Bakura Sufeto ya duba akwatin da Hayatu ya kulle ƙarfen a ciki. Ba a fasa kwaɗon ba, buɗe shi aka yi da makulli.

"Leburorin aikin dam ne," in ji Manu, yayan Hayatu. "Tun da aka kawo su garin nan ba mu huta ba."

"Lebura ya san inda ƙanenka ke aje makulli?"

Manu ya kau da kai. Sufeto ya juya ga mahaifiyarsu, Kaltumi, ya gaishe ta da kyau.

"Inna, wa ya ga abin cikin akwatin?"

"Kowa ya gani, ɗan nan. Ai azurfar nan har ido take ɗauka."

"Wa ya ce miki azurfa ce?"

Tsohuwa ta dubi ƙasa.

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika maƙil. Sufeto ya ratsa har rumfar Abdu maƙerin fari, mai aikin azurfa, wanda ke yi wa amaren yankin warwaro. Yatsan Abdu a ɗaure yake da tsumma.

"Wallahi yau ko zobe ban ƙera ba, ranka shi daɗe."

"To mi ya yanke ka?"

Sufeto ya tsuguna gindin uwar maƙera, ya shafo ƙasa. Ɓarɓashin ƙarfe ne, baƙi-baƙi, mai kaifi. Ya matsa guda da farce, ya ruguje. Kash! An riga shi.

Abdu ya fito da gaskiya. "Na gwada da maganaɗisu, bai kama ba, na ce azurfa ce ta gaske. Na gasa ta ta yi laushi, yadda muka gada. Masaba guda, sai tartsatsi! Muka ce sammu ne, muka yi ta gwada wani bayan wani."

"Kai da wa?"

Da la'asar Landirovar 'yan sanda ta tsaya ƙofar gidan biki. Sufeto ya kira 'yan'uwan biyu zaure, ya zazzage ɓarɓashin a kan tabarma. Hayatu ya durƙusa yana tsinta.

"Abdu ya faɗi sunanka, Manu."

Manu ya dubi ƙanensa.

"Ni ne. Ruwan dam ya cinye gonarmu, na yi ta ƙwadago a gonakin mutane har ka yi karatu. Ka dawo da akwati cike da azurfa, ka kulle, Taiba za ta tafi ɗakinta hannu ba warwaro. Raina ya ɓaci."

"Yaya, ai na gaya maka ba azurfa ba ce!"

"Na zaci rowa ce."

"Ko guda bai saura ba?"

"Ko guda."

Tausayi ya kama Sufeto, na su biyun duka, amma ya fito da ankwa. Hayatu ya riƙe masa hannu.

"Na janye ƙara, Sufeto. Don Allah."

"Sai a gaban alƙali, Malam."

A cikin gida 'yan mata suka rangaɗa guɗa. Manu ya miƙa hannuwansa.

"Roƙo ɗaya, ranka shi daɗe. A bi da ni ta ƙofar baya, kada Taiba ta gani."