Masu Amshi na Kufan Maje

Ku matso kusa da ni. Ƙauna, tura ƙofar nan, ki bar fitilar yadda take. Abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba.

Ina da shekara ashirin da uku a lokacin, ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu, Gidan Kanya. Ni ce kuma mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Kun san yadda ake yi. Kowace damina, in an gama noman maimai mutane sun ɗan sarara, mawaƙan ƙauyuka tara sukan haɗu a majami'a guda, a kwana uku ana waƙa. Bana nan, baɗi can. A shekarar, Tudun Maje ne masu karɓar baƙi, garin da ban taɓa zuwa ba.

Wata uku muka yi muna koyo. Malam Filibus, mai koya mana, idonsa ya soma mutuwa, ya kuma faɗa mana wannan ne taronsa na ƙarshe. Ya tsara sabuwar waƙa, ya ɗora ta a kan muryata. Ban da ni babu mai iya jan ta.

Ranar Juma'a da safe, mota na jira, sai aka kawo wata mata tana naƙuda. Babbar ma'aikaciyarmu ba ta nan. Na ce wa 'yan ƙungiyarmu su tafi, zan same su kafin ƙarfe biyar, lokacin da za a kira mu. Matar ba ta sauka ba sai wajen biyu da rabi. Na wanke hannu, na ɗaura ankona, na hau acaɓa.

A bakin rafi mai acaɓa ya tsaya. Ruwa ya shanye gadar. Ya ce in ta titi ne, zagayen awa uku ne. Na tambaye shi hanyar ƙafa. Ya ce akwai, tana bi ta kufai, inda mutanen Maje suka zauna kafin su koma tudu, daga nan a tsallake ta kan duwatsu. Amma ya ce in jira ko Allah zai kawo abokin tafiya. Na duba agogo. Ban jira ba.

Dawa ta fi ni tsawo, dama da hagu. Hadari ya rufe rana, aka soma yayyafi. Na yi nisa kafin in lura wurin ya yi tsit. Damina ce, ga ruwa kwance ko'ina, amma ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka.

Sai na ji waƙa.

Amshi ne kawai. Su amsa, a yi shiru, su sake amsawa, kamar mai jan ta yi nisa ba a jin ta. Na ce a raina na kusa, na ƙara sauri.

A gindin wata ɗorawa na tarar da mace a tsaye. Ankonta fari da shuɗi, irin wanda kakarmu ke ajiyewa a ƙasan akwati. Na gaishe ta.

Ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ke ce mai ja?"

Bakinta ya riga ya rufe kafin maganar ta iso. Kuma ba daga gabana ta zo ba, nan kusa da kunnena na ji ta. Na ɗauka iska ce. Na ce ni ce, daga Gidan Kanya, ko na makara?

"Ana jiranki."

Na bi bayanta. Takalmina ya yi nauyi da laka, ita kuwa ƙafarta fes, ba ta barin sawu. Na gani, amma hankalina yana kan ƙarfe biyar.

Majami'ar ta ƙasa ce, rufin ciyawa, cike da mutane maza da mata, kowa a tsaye, kowa ni yake kallo. Na nemi Malam, ban gan shi ba. Ban ga ko ɗaya daga cikin namu ba. A bangon gaba babu gicciye, sai tabon inda ya taɓa rataya. Ana buga tulun kiɗa a hankali, ban ga mai bugawa ba.

Na tambayi matar ina mutanenmu.

Ta ce, "Ki ja."

Na buɗe baki in sake tambaya, sai waƙa ta fito. Tsohuwar waƙa, wadda kakarmu ke yi tana niƙa. Suka amsa.

Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin amshi mai daɗin wannan ba. Muryoyin sun haɗu kamar daga maƙogwaro ɗaya. Hawaye ya zubo mini. Na ja ta biyu, na ja ta uku. Na manta da Malam, na manta da agogo.

Aikina ne ya farkar da ni. Mai aikin asibiti, in ta dubi mutum, ƙirjinsa take fara duba. Amshi ya yi tsawo, na dubi ƙirjin ta gabana, ba ya motsi. Na dubi na kusa da ita. Na bi layin har bango. Babu mai numfashi.

Daga nan na soma ganin sauran. Rufin yana yoyo, ruwa na ɗiga a kansu, amma tufafinsu a bushe. In amshi ya kai inda ake ambaton sunan Ubangiji, sai su rufe baki, su wuce shi da gunji. Kuma duk lokacin da na tsaya jan numfashi, sai in ga sun matso da taku ɗaya.

Na yi shiru. Tulun ma ya yi shiru.

Matar ta ce a kunnena, "Ba ki gama ba."

Na ce, "Yaushe ake gamawa?"

"Ba a gamawa."

Na lura da abu guda: in ina ja, tsayawa suke cak suna sauraro. Sai na ɗauko baiti mai tsawo, ina ja ina takawa da baya. Na fita ƙofa da baya. Suka biyo ni cikin dawa, ba ganyen da ya motsa. Na ja waƙoƙin Kirsimeti, na ja na biki, na ja na jana'iza, har da na yara. Duk sun san su. Maƙogwarona ya soma ɗanɗanon jini, kuma ta gaba ta kusa taɓa zanena.

Saura waƙa ɗaya, ta Malam. Na ja baitin farko, na dakata.

Babu amshi. Ba su taɓa jin ta ba. Suka karkata kai gaba ɗaya, leɓunansu na motsi, suna nema.

Matar ta ce, "Sake."

Na juya na sheƙa. Ban san yadda na tsallake duwatsun ba. A bayana ina jin ta, ba ta ɗaga murya ba, tana ta cewa in sake.

Da na hau tudu sai na ga rana tsaka, ana ɗora kaya a motoci. Lahadi ce. An tashi taro. Mutanenmu ba su yi waƙa ba, sun wuni Asabar suna bin rafi suna neman gawata. Malam Filibus ya shafa fuskata da hannu biyu. Ni kuma na buɗe baki, ba murya.

Wani dattijon majami'ar Tudun Maje, Baba Habila, ya sa aka ba ni kunu, ya kori jama'a. Da ya ga ƙafafuna da ankon, bai tambaye ni inda na biyo ba. Ya ce shekara arba'in da suka wuce ruwa ya ci tsohon garin, suka kwashe komai suka hauro, majami'ar kuma ta daɗe da rushewa. Na rubuta masa a takarda: matattu ne?

Ya ce, "A'a, 'yata. Namu suna hannun Ubangiji. Waɗancan masu wurin ne tun kafin mu. Sun shekara suna jin mu ta bayan bango har suka koya. Amshi kawai suka iya, shi ake maimaitawa."

Malam ya tambaya ko na ba su waƙarsa. Na gyaɗa kai, aka gaya masa. Ya tambaya sau nawa. Na ɗaga yatsa ɗaya, aka gaya masa. Sai ya ce kada wani ya ƙara rera ta, ko a gona. Har ya rasu ba a taɓa yin ta a gaban jama'a ba.

Mako shida na yi ba murya. Da ta dawo, ta fi ta da. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa don su ji ni. Na ci gaba da ja shekara biyu, ban ga komai ba, har na ce ya wuce. Na yi aure, na haifi Murna.

Wata rana da tsakar rana, ni kaɗai a gida, zazzaɓi ya hana ta barci. Na goya ta, ina zagaya tsakar gida ina yi mata waƙar reno, wadda na ƙirƙira da kaina ina yi mata kullum. Waƙar reno ba ta da amshi.

Aka amsa. A hankali, daga bayan danga.

Murna ta daina kuka. Ta ɗaga kai daga bayana, ta juya wajen dangar, tana dariya.

Daga ranar ban ƙara rera komai ba. 'Ya'yana uku, babansu ne ya yi musu waƙar reno. A majami'a ina zama a bencin baya, in buɗe littafi, in bi da ido.

Yanzu an ɗaga gadar, amma hanyar kufai tana nan. Kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai, ko da rana tsaka, ko wa ke jiransa. In kuma kun ji waƙa a daji ba ku ji mai ja ba, ku kama bakinku ku wuce.