Maganin da Ke Cikin Safa

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha uku. A gida kowa Yaya yake ce mata, har da mahaifiyarta, domin da sunan ne ƙaninta yake kiranta. Shi kuma ƙanin ana ce masa Auta. Shekararsa biyu da rabi, ga kumatu, ga ƙiriniya. Ɗaki ɗaya suke kwana, a katifa ɗaya.

Wata shekara tari ya kama Yaya. Sati ɗaya, sati biyu, har sati huɗu bai sake ta ba. Ta rame, har sai da aka sa wa siket ɗin makarantarta fil. Mama ta kai ta asibiti. Aka ba ta 'yar roba ta tofa kaki a ciki, aka kuma ɗauki hoton ƙirjinta.

Likita ya ce, "Tarin fuka ne, wanda ake ce wa tibi. Wasu ƙananan ƙwayoyin cuta ne suka shiga huhunta. Ido ba ya ganinsu. A iska suke yawo idan mai ciwon ya yi tari."

Mama ta dafe ƙirji. "Likita, ana warkewa?"

"Ana warkewa sarai. Amma maganin na wata shida ne. Kullum da safe, ba fashi ko na kwana ɗaya." Ya juya wajen Yaya. "Kin ji ko? Za ki ji sauƙi tun kafin wata shida. Kada ki yarda ki daina."

Yaya ta ce, "Na ji."

Aka gwada Auta, aka ce lafiyarsa ƙalau. Nas ta ba Yaya magani da wani kati mai gidaje-gidaje. Kowane gida rana ɗaya ne. Idan ta sha, sai a ja layi a gidan. Nas ɗin ta ƙara da cewa, "Fitsarinki zai koma ruwan goro. Har zufa da hawaye ma. Kada ki tsorata, aikin maganin ne."

Wata biyu Mama tana tsaye a kanta kowace safiya. Tari ya tafi. Abinci ya dawo. Yaya ta koma makaranta, ta koma katifarsu ita da Auta, bayan an raba musu wurin kwana saboda ciwon.

Sai aka sauya wa Mama lokacin aiki. Shara da goge-goge take yi a wani ofis, yanzu kuma dole ta fita tun kafin yara su tashi. Baba direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai dawo ba.

Mama ta ce, "Yaya, kin girma. Ga magani, ga kati, ga biro. Ki sha, ki ja layi, ki miƙa Auta wajen maƙwabciya. Na yarda da ke."

To, a makaranta ne abin ya lalace. Wata rana bayan wasan guje-guje, wata yarinya mai baƙin surutu ta leƙa wuyan farar rigar Yaya. Zufa ta ɓata shi, ya yi ja-ja.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ku zo ku gani! Wannan tsatsa take yi kamar tsohon kwano!"

Aji ya fashe da dariya. Daga ranar sunanta ya koma Tsatsa. Idan ta zauna a benci sai a matsa. Yaya ta yi kuka, ta share ido da hankici, sai ga hankicin ma ya yi ja. Dariya ta ƙaru. Yara in suka samu abin tsokana, ba su san tausayi ba.

Ba ta gaya wa Mama ba. Ba ta gaya wa malamar ajinsu ba. Washegari da safe ta zuba maganin a tafin hannu, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce a ranta, "Ai na warke. Ko tari ba na yi."

Ta ɗauko wata tsohuwar safa, ta zuba maganin a ciki, ta cusa ta ƙarƙashin katifa. Sannan ta ɗauki biro ta ja layi a kati, layi mai kyau, miƙaƙƙe. Kullum haka. Da yamma Mama ta duba kati ta ce, "Allah Ya yi miki albarka." Yaya ta amsa da amin, kanta a ƙasa.

Wuyan riga ya koma fari. Yara suka manta da Tsatsa, suka koma kan wani. Yaya ta ga kamar ta yi dabara.

Bayan wata biyu tarin ya dawo. Da farko kaɗan-kaɗan. Takan toshe baki da filo don kada Mama ta ji. Wanda yake kusa da filon nan kuwa, Auta ne.

Auta ya fara ƙin abinci. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, sai ga shi kwance a tabarma yana bin mutane da ido. Jikinsa kullum da zafi. Kumatun nan suka zube. Wandonsa ya riƙa saɓulewa. Sai kuma tari, ɗan siririn tari mai ban tausayi. Wata safiya ya miƙe zai je wajen Mama, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas.

Mama ta goya shi, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Yaya ta bi ta a baya. A asibiti aka kwantar da Auta nan take. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Hannunsa ya yi siriri, sai da aka soke shi sau uku kafin a samu jijiya. Ko kukan kirki bai iya yi ba.

Kwana biyu bayan haka likita ya kira Mama ofishinsa. Yaya ta bi ta. Nas tana tsaye a gefe. Ya ce, "Tibi ne. A jikin ƙaramin yaro yana da haɗari sosai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne inda ya samo shi. Yayarsa ai tana kan magani."

Mama ta ciro kati daga jaka. "Ga shi, likita. Ko kwana ɗaya ba ta tsallake ba."

Daidai nan tari ya ƙwace wa Yaya. Ta yi, ta yi, har ta durƙusa. Nas ta dube ta da kyau.

Ta ce, "'Yammata, fitsarinki har yanzu ruwan goro ne?"

Yaya ta jawo jakarta. Tun jiya safar nan tana cikin jakar makarantarta, ta rasa wanda za ta nuna wa. Ta ciro ta, ta zazzage a kan tebur. Magani ya watsu, wani ya gangara ƙasa, wani ya shige ƙarƙashin kujera.

Mama ba ta dake ta ba. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Zama kawai ta yi, ta dubi katin da ke hannunta, ta ce, "Duk layukan nan, Yaya? Ni kuma kullum ina sa miki albarka?"

Yaya ta fashe da kuka. "Mama, dariya suke yi mini. Suna ce mini Tsatsa. Na ɗauka na warke." Ta juya wajen likita. "Ni na sa masa?"

Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Da alama haka ne. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Idan aka fara magani aka bari, wani lokaci ƙwayoyin cutar sukan yi taurin kai, su daina jin maganin. In haka ta faru, jinyar ta fi tsawo, ta fi wahala. Ƙaninki kuwa ba shi da ƙarfi. Sai mun gwada mun gani."

Aka kai Yaya ɗakin gwaji, ta sake tofa kaki a roba. Mai gwajin wata dattijuwa ce mai tabarau. Washegari da Yaya ta dawo, matar ta ba ta takunkumi ta rufe hanci da baki, sannan ta ce, "Zo ki ga abin da kika ce ya tafi."

Ta nuna mata madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Yaya ta sa ido. Ta ga wasu jajayen abubuwa sirara, kamar guntayen zare, birjik.

Matar ta ce, "Su ke nan. Mun shafa musu launi ne don su fito. Fatarsu kauri gare ta, shi ya sa ba sa mutuwa da wuri. Masu rauni ne suke fara mutuwa, sai ki ji sauƙi. Masu ƙarfin suna nan a laɓe, suna jira ki gaji."

"Za su ji magani?"

"Wannan madubi ba zai faɗa ba. Wata na'ura ce za ta faɗa. Sai jibi."

Kwana biyun nan Yaya ba ta taɓa ganin masu tsawonsu ba. An hana ta shiga ɗakin da Auta yake. Sai dai ta tsaya a waje ta leƙa ta taga. Tana ganin ƙirjinsa yana hawa yana sauka da sauri. Baba ya baro motarsa a hanya ya dawo. Ya zauna a bakin gado ya haɗa kai da gwiwa. Yaya ba ta taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Abinci ya ƙi shiga bakinta. Ta riƙa cewa a ranta, da ma ita ce a gadon, a bar mata Auta.

Rana ta uku likita ya fito da takarda a hannu. Mama ta miƙe.

Ya ce, "Kun yi sa'a. Ƙwayoyin cutar suna jin magani, nata da nasa duka. Za ta faro daga farko. Shi ma wata shida."

Mama ta sulale ƙasa tana godiya ga Allah. Can ta miƙo hannu ta jawo Yaya jikinta. Ta ce, "Kin yi kuskure babba. Ni ma na yi nawa, da na bar ki ke kaɗai da shi. Amma daga yau, duk abin da ya dame ki, ki faɗa mini. Ko dariya ce aka yi miki."

"Zan faɗa, Mama. Ki yafe mini."

"Na yafe."

Auta ya yi sati uku a asibiti. Maƙwabciya ta ɗauki nauyin tsayawa a kansu kowace safiya, kuma ba ta da wasa: sai Yaya ta buɗe baki ta ɗaga harshe. Malamar aji ta yi wa yara bayanin ciwon da maganinsa. Wasu sun ji kunya, wasu ba su daina tsokana ba. Yaya ba ta ƙara kula su ba.

Wata shida suka cika. Aka sake gwaji, likita ya ce su biyun sun warke. Ya ce wa Yaya, "Me kika koya?"

Ta ce, "Jin sauƙi ba shi ne warkewa ba. Magani sai an sha shi har ƙarshe, yadda likita ya ce. Kuma ƙaryar da na yi ba ni kaɗai ta cuta ba."

Tana rufe baki Auta ya zame daga cinyar Mama. Ya fita ƙofa a guje, ya nufi tsakar asibitin yana ƙyalƙyala dariya. Mama ta ce, "Kama shi, kada ya faɗi!"

Yaya ta bi shi da gudu. Sai da suka zagaye wurin sau biyu kafin ta cim masa. Ta ɗaga shi sama, ta ji ya yi mata nauyi.