Hura Min Bakinka

"Hura min bakinka."

Haka matar tela ta tare mijinta a ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu. Wata biyu ke nan kullum sai ta shinshina bakin bawan Allah. To, mutum yana tafe yana tangaɗi, da safe amai, harshe na harɗewa, ran nan ma ya ɗinke wuyan rigar mutane ruf. Ciwon dajin hanjinsa kuwa tun bara aka yanke. A lissafinta me ya rage in ba kwalba ba?

"Wallahi, 'yar gidana, ban taɓa sha ba..."

"Alewa kake tsotsa ka ɓoye warin."

Ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa mai kitso, bakin mai kitso kuwa ba ya da marfi. Kafin sati, masu kawo ɗinki sun kwashe yadikansu.

Ranar da ya kife a kan keken ɗinki aka kai shi asibiti. Likita ta kira matar gefe, ta nuna mata hoton kansa.

"Dajin hanjin ne ya kai ƙwaƙwalwa. Wannan ƙullutun ke sa shi tangaɗi."

Matar ta ƙura wa hoton ido.

"Zai warke?"

"Ba zan ɓoye miki ba. Magani zai rage masa ciwon kai. Amma in ya kai nan, yawanci watanni ake magana. Wasu sukan ɗan zarce."

Sau uku tana zuwa ƙofar ɗakin da yake kwance tana juyawa. Da wane ido? A na huɗu ta shiga, mayafi ya rufe rabin fuska. Ta sunkuya kusa da shi don ta roƙi gafara.

Yana ganin fuskarta ta matso, sai ya buɗe baki ya hura mata, kamar yadda ta sabar masa.

"Kin ji? Babu komai."

Kuka ya ƙwace mata.

"Na ji, masoyina... ka yafe min..."

Ya laluba ya kamo yatsunta.

"Na yafe. Amma kada 'ya'yana su tashi a ce ubansu mashayi ne."

Washegari, kafin mai kitso ta gama shimfiɗa tabarma, matar tela na tsaye a kanta. Ta ƙi cewa uffan sai da mata suka cika wurin.