Yaɓen Laka a Motar Baba

A garin Dakoro akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Babanta ya rasu bara. Ya bar musu tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, tana ajiye a bakin zaure.

Kullum in ta taso daga lakwal, wato makaranta, sai ta shiga motar ta zauna. Har yanzu kujerar tana ƙamshin turaren Baba.

Wata rana ta ga rami a ƙasan motar, daidai inda direba ke sa ƙafa. Tsatsa ce ta ci wurin. Ta taɓa jin Inna na cewa in motar ta ruɓe, sai a ba masu sayen tsoffin ƙarafa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta kwaɓa laka da kashin shanu, yadda Inna ke yaɓe rumbu. Ta toshe ramin, ta shimfiɗa buhu a kai.

Damina ta zo. Lakar ta sha ruwa, ta ƙi bushewa. Yarinyar ta yi ta ƙara sabuwa.

Da kaka ta yi, Kawu Jimrau ya zo zai ɗauko musu gero daga Sabon Maci da motar. Yana taka ƙafa, ƙarfen ya burme. Jikin motar ya karkace gefe guda.

"Subhanallahi! Wa ya gina rumbu cikin mota?" in ji Kawu.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Ni ce, Kawu. Tsoro na ji kar a sayar da ita."

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta juya baya tana share ido da bakin zane.

Aka kira Malam Halidu mai walda. Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya daɗe yana ƙwanƙwasawa.

"Ɗiyata, laka tana riƙe ruwa, ruwa kuma shi ne abincin tsatsa," ya ce. "Ta ci har ƙarfen da ke ɗaure jikin mota da shasi, wato ƙashin bayanta. Da kin faɗa tun farko, faci kamar tafin hannu ya isa."

"Ta mutu ke nan?"

"Ban sani ba tukuna. Sai na kankare."

Kwana uku yana kankara. Ya yanke duk ruɓaɓɓen wuri. Kujerar Baba ma ta ruɓe ta ƙasa, dole aka jefar da ita. Ranar yarinyar ba ta ci tuwo ba.

A rana ta huɗu ya kira ta. "Shasin lafiya lau. Zo ki riƙe mini gwangwanin fenti."

Ya liƙa sabon ƙarfe, suka shafe shi tare, aka sa wata kujera. Ran Juma'a motar ta dawo da dammunan gero, yarinyar na zaune gaba kusa da Kawu, tana dariya.

Daga nan ta gane cewa ɓoye ɓarna ba ya gyara ta. In ka ga abu ya fara lalacewa, ka gaya wa manya da wuri.